Tambaya da Amsa: Na'urar da ke ba da insulin da kanta, a sakar mata komai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 14 yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya. Kawunsa ya aiko masa da na'urar da ke auna sukari ta kuma zuba insulin da kanta, likita ya saita masa. Yanzu yaron cewa yake ya huta da tsira yatsa da allura. Gaskiyarsa ne? Wata uwa, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Sauƙi ya samu, amma hutu da saura. Na'urar kashi uku ce: sensa mai auna sukari da ake mannawa a fata, famfo mai tura insulin ta siririn bututu, sai manhajar da ke lissafi tsakaninsu. Lamba kawai manhajar take gani. In lambar ta yi ƙarya, da ƙaryar za ta yi aiki.

Ba jini sensa yake aunawa ba, ruwan ƙarƙashin fata ne, shi ya sa yakan makara da minti 5 zuwa 15. Idan yaro ya danne shi cikin barci, yakan nuna sukari ya faɗi alhali lafiya lau yake. Magunguna ma na ruɗa shi: farasitamol a wasu nau'o'in, bitamin C mai yawa a wasu, haka hydroxyurea da masu sikila ke sha. Waɗannan sukan sa lamba ta hau, famfo ya ƙara insulin ɗin da jiki bai nema ba. A nan kuwa da zazzaɓi ya taɓa yaro, farasitamol ake fara miƙa masa. Duk sadda yanayin jiki ya saɓa da lamba, a tsira yatsa.

Inda muka fi jin tsoro shi ne famfon. Insulin mai saurin aiki kaɗai ke cikinsa, babu mai dogon zango. Idan bututu ya lanƙwashe, ko gumin Legas ya ɓanɓare filasta, cikin awa 4 zuwa 6 kiton, wato sinadari mai haɗari da jiki ke samarwa in ya rasa insulin, na iya taruwa a jini, famfo kuwa ba lallai ya yi ƙara ba. Saboda haka in sukari ya haura 250 mg/dL, wato kusan 14 mmol/L, aka gyara da famfo bai sauka ba bayan awa 2, a gwada kiton da tsinken gwajin fitsari, a yi allura da biron insulin gwargwadon yadda likita ya rubuta, a canja bututun gaba ɗaya, a sha ruwa sosai. Ki sani na'urar ba ta san da wannan allurar ba, don haka ki tambayi likita tun yanzu awa nawa za a hana ta lissafin kanta, kada insulin ya hau kan insulin. Amai, ciwon ciki ko numfashi mai nauyi, asibiti kai tsaye; asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ba shi da nisa da ku.

Galibin bututu kwana 2 zuwa 3 yake yi. Insulin da ba a buɗe ba ya zauna a firij, digiri 2 zuwa 8, ban da firiza. Wanda aka buɗe, yawanci kwana 28 ne ƙasa da digiri 30, kada a bar shi a mota cikin rana. Abinci kuma sai an faɗa wa na'urar kafin a ci, tuwo ne ko shinkafa.

TAMBAYA: Gargaɗin sukarina ta waya yake shigowa, wani lokaci ba na ji. Me zan yi? Wani direba, Mile 12.

AMSA: Malam, ba kai kaɗai ba ne. A Fabrairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ja kunne kan haka: sabunta waya, saka ta a shiru ko haɗa ta da Bluetooth na mota na iya toshe gargaɗin. Duk wata ka gwada sautin, haka bayan kowane sabuntawa. Kafin ka ta da mota ka duba lamba. In ta gaza 70 mg/dL, kada ka tashi; in kana kan hanya ne, gangara gefen titi, sha giram 15 na sukari, kamar rabin ƙaramar kwalbar lemo mai sukari, jira minti 15 ka sake gwadawa. Lemon ya zauna kusa da hannunka, don a gosulon gadar Third Mainland ba ka da tabbacin mai talla zai iso ka a kan lokaci.