Ku Tambaya Mu Amsa: Likita, Haraji da Kuɗin Magani

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk hanya ɗaya suka bi: kuɗin asibiti, haraji, da abin da likitoci ke cewa a kansu. Mun zaɓi biyar, mun miƙa wa masu amsa tambayoyin wannan fili, waɗanda aikin asibiti da lissafin kuɗinsa ne sana'arsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙane likita a nan Zariya. Lokacin yana ɗalibi ba shi da zance sai na gwamnati ta ɗauki nauyin talaka. Yanzu da ya fara ɗaukar albashi, duk ƙarshen wata sai mita kan harajin da aka yanke masa, gobe kuma ka ji yana cewa dole a ƙara wa ɓangaren lafiya kuɗi. To daga ina kuɗin za su fito? Wannan ba baki biyu ba ne?
— Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba baki biyu ba ne. Takardu biyu ne ke bi ta hannun ƙanen naka, kowace da karatun da take biya masa: takardar albashinsa, da takardar da yake rubuta wa dangin marar lafiya su je su sayo kaya.

Ma'aikacin gwamnati ba ya riƙe kuɗin harajinsa a hannu, ana cirewa ne tun kafin albashi ya shiga asusu. A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka ake hawa har kashi 25. A ƙaddara likita ne da abin da za a yi wa haraji ya kai miliyan 6 a shekara: zai biya 330,000 a matakin kashi 15 da 540,000 a na kashi 18, jimla 870,000, wato 72,500 kowane wata. Ga kashi 8 na fansho, ga kashi 2.5 na asusun gidaje, ga kuɗin ƙungiya. Kai kuwa Alhaji, a gafarce mu, kai ne kake faɗa wa hukuma abin da ka samu. Ainihin abin da ke ci wa mai albashi tuwo a ƙwarya ke nan: nasa ba ya ɓoyuwa, na wasu da suka ninka shi samu kuwa sai abin da suka ga dama. Wani abin da mutane ba su cika sani ba, harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne. Likitan da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika Tarayya ce ke biyansa, amma harajinsa hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna yake tafiya. Yana da bakin tambaya ke nan game da asibitocin jiha da ƙananan asibitocin unguwa, don duk wanda ba a kula da shi a can ba, a gabansa zai ƙare, kuma sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Takarda ta biyu ta fi nauyi. A ce an kawo mai naƙuda cikin dare tana zubar da jini, kuma sai an yi mata aiki. Kafin a shiga ɗakin tiyata ana buƙatar kati, gwajin yawan jini da rukuninsa, leda biyu ta jini aƙalla wadda aka tantance daga ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, ruwan ƙari, zaren ɗinki, safar hannu, allurar kashe zafi da maganin hana ƙwayoyin cuta. Akasari kowane ɗaya da rasit ɗinsa. Maigida ya zo da abin da bai kai rabi ba, sai a shiga bugun waya, wani ya tafi neman mai sayen akuya da tsakar dare, wani ya tafi nemo wanda zai ba da jini a madadin wanda za a ɗauka. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, amma dokar ba ta cika kabad da kaya ba. Sau da yawa likita da nas da unguwarzoma ne ke yin karo-karo daga aljihunsu.

Wannan ba tsautsayin dare ɗaya ba ne, tsarin ne haka. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marar lafiya suke fitowa kai tsaye, a ranar da ya fi kowace rana rashin ƙarfi. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi. Na Tarayyarmu yawanci tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo.

Wanda ya shekara goma yana karanta takardun nan biyu, da wuya ya ce a soke haraji, da wuya kuma ya yarda a ƙara shi a zuba cikin babban asusu inda ba mai iya bin sawunsa. Abin da za ka fi ji a bakin likitocinmu shi ne a ɗaure kuɗin da doka, a rubuta musu suna da wurin zuwa. Shi ya sa suke kare asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa, wanda ke karɓar aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar Tarayya: rabi ya tafi inshorar talakawa, kashi 45 ƙananan asibitoci, kashi 5 agajin gaggawa. Ka tambayi ƙanen naka, muna kyautata zaton nan ya dosa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun likita. Na ji ana cewa fannin da likita ya ƙware a kai yana nuna inda ya karkata a siyasa. Da gaske ne?
— Wata ɗaliba, Samaru

Amsa: 'Yata, a Amurka an auna abin. Nazarin da aka yi kan rajistar masu zaɓe, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na likitocin tiyata da masu allurar barci da ke da rajistar jam'iyya 'yan Rifablikan ne, masu son a rage haraji. Likitocin yara, na taɓin hankali da na cututtuka masu yaɗuwa kuwa, akasarinsu 'yan Dimokurat ne. Dalili biyu ake kawowa. Na farko samu: fannonin da suka fi kawo kuɗi su ne haraji ya fi cizo. Na biyu irin mutanen da likita ke gani. Mai tiyata yana gyara abu guda, ya ga sakamakon hannunsa cikin mako. Likitan yara yana sallamar yaro mai tamowa, bayan wata biyu a dawo da shi, don gidan da ya koma ba abinci, ba ruwa mai tsabta. Dole tunaninsa ya fita daga asibiti ya koma kan rijiya da rumbu. Sai dai kada ki manta, wasu da ra'ayinsu suka shigo, shi ne ma ya kai su fannin.

Kada ki kwafo wannan ki ɗora a kanmu yadda yake. Jam'iyyunmu ba a kan haraji suka rabu ba. A nan abin da ya fi raba likitoci shi ne wa ke biyansu. Mai asibitin kansa yana sayen dizal, yana biyan ma'aikata, yana biyan kuɗin rajista da na sabunta lasisi, ga masu karɓar haraji na jiha da na ƙaramar hukuma. Shi kukansa a rage masa yawan masu zuwa da rasit. Na gwamnati kukansa a ƙara kasafi. Da yawa kuma safe suna nan, yamma suna can, sai ki ji bakin mutum ɗaya na fitar da kuka biyun.

Ko a ƙasashen da ake misali da su, likitoci ba su karɓi tsarin gwamnati hannu bibbiyu ba. Da Ingila za ta kafa hukumar lafiyarta ta kyauta a 1948, ƙungiyar likitoci ta yi tirjiya, sai da ministan lafiya Aneurin Bevan ya bar manyan likitoci su ci gaba da duba masu biya a gefe. A lardin Saskacewan na Kanada likitoci sun yi yajin aikin kwana 23 a 1962 don ƙin inshorar gwamnati. Tsoronsu ɗaya: wanda ke biya shi ke yanka farashi.

Tambaya: Me ya sa in gwamnati ta ce haihuwa kyauta ko maganin yara kyauta, sai ka ga ma'aikatan asibiti ba sa murna? Ko ba sa son talaka ya huta ne?
— Wata uwa, Tudun Wada

Amsa: Hajiya, suna so. Sun dai san abin da ke biyo bayan sanarwar in ba a turo kuɗi ba. Yawancin kantunan magani na asibitocin gwamnati da asusun juyawa suke aiki, tsarin da ya yaɗu bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987: a sayo magani, a sayar da 'yar riba kaɗan, a sake sayowa da kuɗin. In aka ce kyauta, marasa lafiya za su ƙaru, wanda abin so ne. Amma in kuɗin mayarwa suka yi wata uku ba su zo ba, jarin ya narke, dillali ya daina ba da bashi, sai a koma rubuta wa mutane takarda su je kemis na bakin ƙofa, inda ya fi tsada. Wanda aka faɗa wa kyauta a rediyo kuma ba zai je ofishin kasafi ba. Nas ɗin da ke gabansa zai kira ɓarauniya.

Inshora ma tana da nata ciwon. Ana biyan asibiti ta hanya biyu. Akwai kuɗin kai, wani adadi kowane wata a kan duk wanda ya yi rajista, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin Tarayya wannan ya daɗe a Naira 750 yayin da farashin magani ke ninkawa, sai a 2024 aka ɗaga shi. Akwai kuma biyan aiki-aiki na tiyata da manyan gwaje-gwaje, wanda sai an nemi lambar izini daga kamfanin inshora da ke tsakani, a yi aikin, a tura takardu, a jira. In lambar ta makara, marar lafiya ke jira. In biyan ya makara, asibiti ke ɗaukar asara, daga nan sai a fara ce wa mai kati maganinsa ya ƙare. Matsala ta uku, in shiga ganin dama ce, masu ciwon suga da hawan jini da masu juna biyu ne ke rububin rajista, masu lafiya su zauna a gida, asusu ya kasa ɗauka. Wannan ne ya sa dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. A jiharmu ta Kaduna hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ke riƙe da wannan aiki.

Saboda haka in kin ji sanarwar kyauta, tambayi abu uku a asibitin: me da me ta ƙunsa, jini da gwaji suna ciki ko aikin kawai, kuma wace takarda za ki zo da ita. Ki yi tambayar tun lokacin awo, kada ki bari sai ranar naƙuda.

Tambaya: Mu da muke da zakka da wakafi, me ya kai mu dogaro da haraji? Iyayenmu sun sha wahalar haraji da jangali har Balarabe Musa ya soke su.
— Wani malamin Islamiyya, Ƙofar Doka

Amsa: Allah ya gafarta Malam, wancan haraji na kai ne, ana ɗora shi a kan baligi ko ya samu ko bai samu ba, shi ya sa jam'iyyun NEPU da PRP suka yaƙe shi. Na albashi da riba da gwargwadon samu yake tafiya. Zakka kuwa tana ceton rai a asibiti, musamman in an damƙa ta ga ofishin jin daɗin marasa lafiya, inda ake da sunayen waɗanda aka sallama suka kasa biya. Iyakarta ita ce, ɗaya bisa arba'in ce sau ɗaya a shekara, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade masu cin ta. Malamai da yawa ba su yarda a yi gini ko a biya albashi da ita ba. Mai wankin ƙoda kuma sau biyu ko uku yake buƙata kowane mako, ba ya jiran watan fitar da zakka. Wakafi ya fi dacewa da irin wannan: shago ko gona da kuɗin hayarta ke shiga asusun jini ko na iskar oksijin duk wata. Hukuncin sayen katin inshora da kuɗin zakka kuwa, ku ne masu fatawa, mu namu lissafi ne.

Tambaya: Ni a ganina likita ya tsaya kan allurarsa. Me ya haɗa shi da siyasa?
— Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Sabon Gari

Amsa: Baba, a Zariya dai wannan magana ta makara. Dakta R.A.B. Dikko na Wusasa, likita na farko a Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta rikiɗe ta zama NPC. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara kuma shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Nnamdi Azikiwe a zaɓen 1979, ya kuma riƙe ministan harkokin waje. Inda muke tare da kai shi ne bakin gadon marar lafiya: a can ba a tambayar jam'iyya, ba a yi wa mai ciwo wa'azin zaɓe. Amma farashin allurar ita kanta a majalisa da hukumar kwastan ake yanka shi. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai suga, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, ƙungiyoyin lafiya ne suka matsa aka yi shi, kuma har yau suna neman a ɗaga shi, a kuma rubuta a doka cewa kuɗin na masu ciwon suga da hawan jini ne, don a yanzu cikin babban asusu suke faɗawa.