Tambaya da Amsa: "Esin ƙarƙashin ƙasa" da wayar da ake son sakawa a firij

Tambaya: Wayata tana yin zafi sosai idan tana caji da rana. In sa ta a firij na minti biyar? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Hajiya, waya ba zoɓo ba ce. Kina fito da ita raɓa za ta taru a cikinta, ta ci bakin caji. Cire mata riga, ajiye ta a inuwa, ki daina kallon bidiyo tana kan caji.

Tambaya: Na ga bidiyo an ce Turawa bututu kawai suke binnewa a ƙasa, gida ya yi sanyi, ba esi ba wuta. Ina gini a Kano, kuma ina da bohal. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, fara da cire "ba wuta" ɗin nan daga ranka. Na'urar gaskiya ce, kuma ta daɗe: tun 1912 wani injiniya a Suwizalan, Heinrich Zoelly, ya yi rajistar dabarar, yau kuma gidaje da yawa a Suwidin da ita suke ɗumama ɗakunansu, don tana iya sanyaya ɗaki, tana kuma iya ɗumama shi. Amma kwamfuresa ce a cikinta irin ta firij, da gas, da famfon da ke juya ruwa. Bambancinta da esinka shi ne inda take zubar da zafi. Esi a iskar waje yake zubarwa, ita kuwa cikin ƙasa, ta bututun roba mai kauri na HDPE, faɗin milimita 32 ko 40, cike da ruwa. Ko a kwantar da shi a rami mai zurfin mita 1.5 zuwa 2, ko a zura shi cikin rijiyar burtsatse ya sauka ya dawo, a cike gefensa da yumɓun bentonite don zafi ya samu hanyar ratsawa. Da yunit ɗaya na wuta tana kwashe zafin yunit 3 zuwa 5. Sauƙi ne, ba kyauta ba.

Abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne, ƙasa ba sanyi gare ta ba, zafinta ne ba ya sauyawa. Daga kamar mita 10 zuwa ƙasa, yana tsayawa kusa da matsakaicin zafin garin na shekara. A Stockholm, babban birnin Suwidin, wajen digiri 7 ke nan. A Kano kuwa 26 zuwa 28. Shi ya sa ruwan rijiya ke da ɗumi da asubar hunturu, a watan Afrilu kuma ka ji shi da sanyi, alhali ruwan yana nan yadda yake. To, 28 ya fi 40 na bazara, kwamfuresa za ta ɗan huta. Sai dai a wurare irin tsakiyar Amurka, da hunturu ake ɗibar zafi daga ƙasa, da bazara a mayar mata, lissafi ya daidaita. Mu fa? Zuba mata za mu yi ta yi kusan duk shekara, ba ɗiba. Ƙasar da ke kewaye da bututun ta yi ta ɗumi shekara bayan shekara, ruwan da ke dawowa ya haura digiri 35, ribar ta zube. Idan busasshen yashi ne ma abin ya fi sauri, don bai kai jiƙaƙƙiyar ƙasa ɗaukar zafi ba.

Ɗauko biro. Esi mai doki ɗaya da rabi yana kwashe zafin kilowat 3.5, ka ƙara kusan kilowat 1 na kwamfuresa, 4.5 ke nan za a tura ƙasa. Mita ɗaya na rijiya wajen wat 50 yake ɗauka. Mita 90 ke nan don ɗaki ɗaya. Ɗaki uku, rijiya uku, da tazarar mita 6 tsakaninsu. Je ka tambayi mai haƙa bohal kuɗin mita ɗaya a dutsen Kano, ka ninka, sannan ka nemo wanda ya iya narka haɗin bututun HDPE. Haɗi ɗaya ya yi yoyo a can ƙasa, ba mai shiga ya gyara.

Bohal ɗinka na sha kuwa, in da ruwansa kai tsaye za a yi aiki, na'ura mai wannan girman tana son kamar lita 10 a minti ɗaya, lita 600 a awa. Ina za ka zuba? Ga ƙarfen da ke cikin ruwan da zai toshe ta.

Wanda kuma ya binne fayif ɗin PVC da fanka a baki, iskar da za ta fito ba za ta fi ƙasar sanyi ba, kuma da damina raɓa za ta kwanta a ciki, funfuna ta kama, yara su yi ta shaƙa.

Na sha faɗa a shafin nan: fara da rufi. Farin fenti a kan kwano, silin mai abin tare zafi, tagar yamma a yi mata inuwa. Sannan esi mai inbata, a saita shi a 25 ko 26 tare da fanka, a wanke ragarsa duk mako biyu.

Tambaya: Gidan da muke haya a Kanada yana da irin wannan na'ura mai bututu a ƙarƙashin ƙasa. Manhajar Nest, wadda muke saita zafin gida da ita, tana yawan nuna "Aux heat", kuɗin wuta ya hau. Daga wani ɗalibi a Winnipeg.

Amsa: Kai ne kake kashe ta da dare, da safe ka ja ta sama da digiri biyar, ko? In ta kasa kaiwa da wuri sai ta kunna hitar lantarki, wato "Aux heat" ɗin, mai cin wuta ninki uku ko fiye. Bar ta a lamba ɗaya dare da rana. A saitin Nest ɗin, shiga Heat Pump Balance ka zaɓi Max Savings. Idan bai daina ba, mai gida ya kira a duba ruwan bututun da famfonsa.

Tambaya: Fankar laftof ɗina tana ƙara kamar injin markaɗe. Daga Maraɗi.

Amsa: Ƙurar hunturu ce. Sauke ta daga kan katifa, a buɗe a hure ta, a sauya man da ke kan farosesa.