Ta Ina Ake Fara Shirin Gina Sito na Ƙarfe?

Malam, ka tambayi ta ina za ka fara. Fara da kayan da za ka ajiye: nauyinsu, tsayin da za a jera su, da irin motar da za ta shiga. Su ne za su nuna tsayin rufi, faɗin ƙofa da kaurin daɓe.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen ƙarfe kafin a gwada ƙarfin ƙasar da harsashin ginin zai zauna a kai. Ginin ƙarfe ba shi da nauyi sosai, guguwa tana iya ɗaga rufinsa, don haka notunan da ke ɗaure ginshiƙai da harsashi ba abin wasa ba ne. Kada ka cire ƙarafan gicciye, wato waɗanda ake gittawa tsakanin ginshiƙai don hana ginin karkacewa, don tsimin kuɗi.

Lissafin kaurin ƙarfe da zurfin harsashi kuwa, bar wa injiniyan gini mai rajista.