Wace Toka Ce Za a Iya Zubawa a Lambu?

Ɗana, ka tambaye ni ko kowace toka za ta iya zama taki, tunda ka ga ana barbaɗa ta a lambu. Amsar ita ce a'a, kuma kafin ka ɗauki shebur, abin da za ka fara bincika shi ne me aka ƙona har tokar ta samu.

Tokar itace tsantsa tana da amfani, domin tana ɗauke da kalsiyam da fotasiyam da ɗan fosforas, kuma tana rage tsamin ƙasa. Sai dai ƙarfinta ya kai 10 zuwa 12 a ma'aunin pH (ma'aunin da ƙasa da 7 ke nuna tsami, sama da 7 kuma ƙarfi irin na kanwa), alhali yawancin shuke-shuke sun fi son ƙasar da take tsakanin 6 da 7. Idan ka yawaita ta, ƙasa za ta riƙe sinadarin ƙarfe da zink da manganis ta hana saiwa sha, ka ga ganye yana yin rawaya duk da cewa ka ba shi taki. Giram 50 zuwa 70 a kowace murabba'in mita a shekara ya wadatar, shi ma a ƙasa mai tsami kaɗai. Kada ka gauraya ta da yuriya, domin naitirojin ɗin zai tashi iska a banza.

Babban haɗarin yana cikin abin da wuta ba ta iya cinyewa. Idan itace ya ƙone, kusan dukkan nauyinsa yana tafiya cikin hayaƙi, amma ƙarafa masu guba da ke jikinsa sai su taru a ɗan abin da ya rage, su fi yawa fiye da yadda suke a da. Katakon nan mai launin kore-kore da aka jiƙa da maganin gara, sau da yawa maganin haɗin arsenik da kuromiyam da jan ƙarfe ne, kuma tokarsa guba ce ko ga dabbar da ta lasa. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ba ta buƙatar shiga cikin shuka kafin ta yi ɓarna, tunda ƙurar ƙasar da ta manne wa ganye ko hannun yaro ta isa. Haka nan tokar jujin da aka ƙona leda da batir a ciki. Kadmiyam kuwa, wani ƙarfe mai guba, saiwa tana zuƙar sa, musamman saiwar kayan ganye, kuma yana taruwa a ƙodar mai ci shekara bayan shekara.

Game da kwal, kada sunan gawayi ya ruɗe ka. Gawayin itace hukuncinsa hukuncin itace ne, muddin ba a haɗa shi da wani sinadari ba. Kwal ɗin da ake haƙowa daga ƙasa kuwa, tokarsa ba ta da wani abincin shuka na kirki, tana kuma ɗauke da arsenik da dalma da zaiba da seleniyam da boron, kuma boron ɗin kansa yakan ƙona ganye idan ya yi yawa. Ruwan sama yana wanke wasu daga cikinsu ya kai su rijiya da rafi. A Disamban 2008 madatsar tokar kwal ta fashe a Kingston, jihar Tennessee ta Amurka, sama da galan biliyan 1 na laka ya malala cikin kogi da filaye, aka ɗauki shekaru ana kwashewa. A ganina, tokar kwal ba ta da gurbi a inda ake noman abinci, ko da kyauta aka kawo ta.

Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar taki. Ƙasar da ta yi yawan toka mai tsabta za ta iya daidaita da lokaci da takin gargajiya, amma wadda dalma ta shiga, sai an kwashe samanta an kawo sabuwa. Idan ka gaji fili da aka daɗe ana zubar da toka a kansa, ka kai samfurin ƙasar ɗakin gwaji kafin ka shuka abin ci. Ranar da kake barbaɗa tokar itacen ma, ka sa safar hannu, ka rufe hanci, ka jira iska ta kwanta.