Amsa kan shari'ar ɗan jarida Tillack da hukumar OLAF

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka, wai yaya ɗan jarida zai faɗi a kotu ɗaya ya je ya ci a wata, alhali magana guda ce. To ai ba guda ba ce, nan mutane ke ruɗewa.

A wancan lokacin, Hans-Martin Tillack wakilin mujallar Stern ta Jamus ne a Brussels. A 2002 ya buga labarai da takardun sirrin OLAF, hukumar yaƙi da zamba ta Tarayyar Turai. Sai aka fara zargin ya sayi takardun da cin hancin Yuro 8,000. Hujja fa? Jita-jita kawai. Ita OLAF ba ta da ikon kutsa gidansa, shi ya sa a Fabrairun 2004 ta miƙa maganar ga masu gabatar da ƙara na Beljiyam da Jamus. Ranar 19 ga Maris 'yan sandan Beljiyam suka dira gidansa da ofishinsa, suka kwashe akwatunan takardu 16, kwamfuta 2, wayar hannu 4.

Ya kai ƙarar OLAF, a'a, bari in gyara, Hukumar Tarayyar ya kai ƙara, tunda OLAF a ƙarƙashinta take. A 2006 kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta ce miƙa bayani ba hukunci ba ne, Beljiyam na da zaɓin bi ko ƙi. Ƙara ta mutu a bakin ƙofa. Ita kuwa kotun haƙƙin ɗan Adam ta Strasbourg, ƙasar Beljiyam aka kai gabanta, wadda ta aiko 'yan sanda. A Nuwamban 2007 ta ce an keta sashe na 10 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai, mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki, domin manufar binciken gano mai ba shi labari ce, kuma ɓoye majiya haƙƙi ne, ko da takardar ta fito ta ɓarauniyar hanya. Ta ba shi diyyar Yuro 10,000, da 30,000 kuɗin shari'a.

Amma wayoyin nan 4 su ke cin raina, wallahi. Lambobi, saƙonni, sunan duk wanda ya amince masa, har waɗanda ba ruwansu da OLAF, duk sun shiga hannun hukuma. Shekara 3 da wata 8 kafin hukunci! Wane ma'aikaci zai sake ɗaga wayarsa a tsakanin nan? Kuma tun 2003 mai sauraron koke na Tarayyar ya ce OLAF ba ta kyauta ba da ta yaɗa zargin babu hujja, amma aka ci gaba.

Dokar kare majiya da Beljiyam ta yi a 2005 kuwa, sai na dawo daga sallah.