Ka tambaye ni ko ka ɓoye musu zancen harsuna

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya da farko, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai abokan aikinka, ɗaya Katolika ɗaya Baftis, sun tambaye ka abin da ku 'yan Fentikos kuka gaskata, kai kuma kana shawarar ka ce musu duk abu ɗaya ne, ka bar zancen magana da harsuna, wato yin addu'a da harshen da mutum bai koya ba wanda muka gaskata Ruhu Mai Tsarki ke bayarwa, sai sun zo sujada sun gani da idonsu. Ashe dabara ta shiga har cikin ba da shaida?

Muna samari an taɓa yin taron addu'a na haɗin gwiwar ikilisiyoyi. Da aka tashi, wani tsohon dikon na Baftis ya tare mu a bakin ƙofa, Littafinsa a hammata, bangon duk an ɗinke shi da zare. Ya ce, "Ni na tsufa cikin bin Almasihu, ban taɓa magana da wani harshe ba. Ku gaya mini, ba ni da Ruhu Mai Tsarki ke nan?" Wani matashin mai bishara a cikinmu ya yi wuf ya ce, "Haba Baba, ai bambancin suna ne kawai." Dattijonmu, wanda ya koya wa mahaifinka karatun Littafi, ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Bari, kada ka yi wa babba ƙarya a ƙofar majami'a."

Suka ja benci suka zauna. Dattijon ya ce masa, "Kana da Ruhu, domin Romawa 8:9 ta ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nasa ba ne, kai kuwa nasa ne. Amma mu muna koyar da cewa bayan tuba akwai baftisma ta Ruhu, alamarta ta fari kuma harsuna, kamar a Ayyukan Manzanni sura 2 da 10 da 19. Ku kun ce tun ranar tuba ake samun wannan. A nan muka rabu." Dikon ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya buɗe 1 Korintiyawa 12:30, inda Bulus yake tambaya ko duka ne ke magana da harsuna. Mu samari muka yi tsit. Dattijon ya ce, "Ayar nan tana ba mu aiki. Amsarmu ita ce Bulus yana zancen baiwar da ake amfani da ita cikin taro, amma na san ba lallai ta gamsar da kai ba." Ba ta gamsar da shi ba kuwa. Ya rufe Littafinsa, suka yi addu'a tare, kowa ya koma ɗariƙarsa, zumuncinsu bai yanke ba har mutuwa ta raba.

Shi dattijon yakan ce mana ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ka janyo da "duk ɗaya ne", ranar da ya ji ana addu'a da harsuna a kusa da kunnensa zai san ka rufe shi, daga nan ko zancen ceto ka yi masa ba zai saurara ba. Yakan kuma ce mu san shekarunmu. A 1901 aka fara wannan koyarwa ta alamar harsuna a makarantar Charles Parham da ke Topeka a Amurka, babbar farkawar ruhaniya ta titin Azusa a Los Angeles, wadda William Seymour ya jagoranta, kuma a 1906 ce. Katolika da kake son yi wa wa'azi sun riga mu da ƙarnuka masu yawa, kuma tun 1967 suna da nasu masu addu'a da harsuna. Mu kanmu ba baki ɗaya muke ba: an kafa ikilisiyar 'yan Fentikos ta Assemblies of God a 1914, a 1916 har an rabu a kan Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. To, ka ce musu "ikilisiyarmu tana koyar da kaza", kada ka ɗauki bakin kowa da kowa.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, kun iya tura bidiyon mutane suna faɗuwa, amma a ce ku buɗe 1 Korintiyawa 14 inda aka ce biyu ko uku su yi magana, a kuma sami mai fassara, sai ku fara sosa kai. Shaidar warkarwa ma a ƙara mata gishiri. Idan za ka ce Allah yana warkarwa, kuma yana yi, ka faɗi cewa mun binne waɗanda muka yi wa azumi da addu'a.

Batun gayyatarsu sujada kuwa, ban ce a'a ba. Amma kai, idan Bakatoliken nan ya ce ka raka shi tasu majami'ar, za ka je? Ka fara ba ni amsar wannan. Ka gaida mahaifiyarka.