Amsa ga mai shayarwar da ke tsoron allurar tazarar haihuwa

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana yaro. Kin ce yana wata huɗu, al'ada ba ta dawo ba, kina so ki huta kafin wani cikin, amma matan gida sun ce muddin kina ba da nono ba abin da zai faru, kuma allura kashe mahaifa take yi. Ni na yi allurar, na yi ashanar hannu, wato ɗan silin hana ciki da ake sawa a damtse, kuma na haihu bayan kowacce.

Maganar nono ita ta fi damuna, don ita ce ta fi kama mata. Shayarwa tana hana ciki, amma sai abu uku sun haɗu: yaro bai cika wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. Ɗaya ya warware, kariyar ta tafi. To mu nan wa ke barin jariri da nono zalla? Da zafi ya taso kakarsa za ta ce ƙishirwa yake ji, a ɗura masa ruwa, wata huɗu an fara ɗanɗana masa koko. Sannan ƙwai yana riga jini fita da kamar mako 2, don haka mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga ko ɗigo ba tun wankan jego. Haka ake kwanika. Uwa na fama da laulayi, na goye bai fara rarrafe ba, a cire shi daga nono a kai wa kaka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani a addini.

Allura kuwa, irin Depo ta wata 3, ba ta kashe mahaifa. Abin da take yi shi ne jinkiri: bayan allurar ƙarshe mace kan kai wata 10 kafin ta samu ciki, wata har ta haura shekara. A wannan zaman jiran ne dangin miji suke fara cewa ai ga shi nan. Kuma tana rikita jini, wannan ba ƙarya ba ne. Ni farko ɗige-ɗige na yi ta yi har lissafin sallah ya so rikice min, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Masu cewa jinin taruwa yake yi a ciki ya zama ƙari ba su san aikinta ba: shimfiɗar mahaifar da ke zubowa duk wata ce ba ta yin kauri, babu abin da zai zubo balle ya taru. Wasu suna ƙara ƙiba. Idan jinin ya yi yawa, komawa asibiti ake yi, akwai abin da suke bayarwa.

Abin da ke ban haushi, duk wadda ta taɓa allura ta jima ba ta haihu ba, allurar ake ɗora wa laifi. Ba mai tambayar ciwon sanyin da aka bari ya toshe bututun mahaifa, ba mai cewa maigida ma ya je a gwada shi.

Ashana ta fi min sauƙi. Implanon sili ɗaya ce, shekara 3, Jadelle sili biyu, shekara 5. A ƙarƙashin fatar damtse ake sa ta, kina shafawa da yatsa za ki ji ta, ba ta yawo a jiki kamar yadda ake ba da labari a gidan suna. In kin daina jin ta, sai ki je a duba. Ranar da aka cire, cikin 'yan makonni mace tana iya ɗaukar ciki.

Ƙwaya kada ki aiki yaro kemis ya sayo. Akwai wadda ke rage ruwan nono kuma ba ta dace da mai hawan jini ba, akwai ta masu shayarwa daban. Postinor-2 ta gaggawa ce, cikin awa 72 bayan kwanciya, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba a mai da ita ta kullum. Jiƙon kanwa, lemon tsami, kafso, tashi a yi fitsari ko tsarki bayan kwanciya, duk ba sa hana komai. Azalu ma, wato maigida ya zubar a waje, cikin mata 100 da suka dogara da shi kusan 20 suna samun ciki a shekara.

Ki zauna da maigida ku yi maganar tukuna, sannan ki je sashen tazarar haihuwa na asibitin unguwarku. Za su gwada fitsari su tabbatar babu ciki, su auna jininki. Ki faɗa musu kina shayarwa, ki kuma faɗi lokacin da kuke son wata haihuwar, don da shi za su zaɓa miki tsakanin allura da ashana.